Karsanar Udoji

Tun daga kwanar layinsu Raliat ta hango farar Fijo a ƙofar gida. Duk Fagge babu wanda bai san motar Alhaji Azeez ba, ɗan kwangilar siminti, mutumin da ko gaisawa zai yi da kai sai ya fara kaɗa mukullin mota. Ta rage tafiya, ta tsaya gindin darbejiya kamar mai gyaran takalmi, sai da motar ta tashi sannan ta ƙarasa.

Duk da haka ba ta tsira ba. Mahaifinta, Alhaji Raji, yana zaune a zaure, ga buhun shinkafa da katan ɗin madara a gefensa, tsarabar baƙon da ya fita.

"Raliat, zo nan."

Ta zube gwiwa biyu a ƙasa yadda aka koya mata tun tana ƙarama.

"Baami, sannu da gida."

"Ba gida za ki yi wa sannu ba, ni za ki yi wa. Shekara biyu ina yi wa mutumin nan hanya-hanya. Yau in ce ba ki da lafiya, gobe in ce kina tunani. Ɗazu ya dube ni ya ce, wai da gaske ne 'yata saniya take jira ta haihu kafin ta yi aure? Me zan ce masa? Ni Raji, tun ina saurayi nake sayar da kwanuka a Kasuwar Sabon Gari, ba a taɓa yi mini dariya ba sai yanzu da na yi furfura."

Ta sunkuyar da kai.

"Azeez namu ne," ya ci gaba, muryarsa ta ɗan sauko. "Yarenmu ɗaya, masallacinmu ɗaya. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya huɗu. Bai ce ki haifa masa ko ɗaya ba. Kin san abin da wannan yake nufi ga mace irinki?"

Mace irinki. Ubanta ne, yana son ta, shi ya sa ya kewaye kalmar bai faɗa ba. Mutanen gari kuwa ba sa kewayewa. Shekara shida ta yi a gidan Lasisi, mijinta na fari, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ya sake ta, ya auri wata, kafin shekara ta zagayo aka yi suna. Tun daga ranar sunan nan Raliat ta sami sabon suna ita ma. A bakin famfo, a gidan biki, a bayan rumfar kasuwa, in ta wuce sai ta ji an yi ƙasa da murya an ce, juya.

"Ba zan yi miki dole ba, ke ba yarinya ba ce," in ji Alhaji Raji. "Amma ran Juma'a zai turo mutanensa. Ko i ko a'a, ki ba ni abin da zan faɗa musu."

"Baami, ka ƙara mini haƙuri. Malam Hambali ya ce bana..."

"Bara ma bana ya ce."

Ya ɗauki butarsa ya fita masallaci, ya bar ta durƙushe a gaban buhun shinkafa.

*

Shi Hambali masinja ne a wani ofishin gwamnati, a nan Fagge aka haife shi kamar yadda aka haife ta. Mahaifinsa falken shanu ne, yana da garkensa na kansa, har farin nan da aka yi ya zo ya share su tas. Tsohon bai daɗe ba ya bi shanunsa. Abin da ya bar wa Hambali shi ne turke a tsakar gida da tsohuwar igiya, sai kuma Inna, mahaifiyarsa.

Da kuɗin Udoji suka fito, wato ƙarin albashin da gwamnati ta biya ma'aikata a dunƙule, gari ya rikice. Akawu ya sayi Besfa, masinja ya sayi rediyo mai kaset, wanda bai taɓa hawa keke ba ya hau Honda ya faɗa kwata. Hambali shi kaɗai ya ce karsana zai saya.

"Besfa tsufa take yi, saniya kuwa haihuwa take yi," ya ce wa Raliat a lokacin. "Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama garke. Haka Baba ya fara."

Abokansa suka yi ta yi masa tsiya, wai ƙasa tana iyo a cikin man fetur shi yana neman kashin shanu. Kuɗin ma ba su kai ba. Raliat ce ta cire 'yan kunnenta na zinare, abu ɗaya da ta fito da shi daga gidan Lasisi, ta kai wa maƙerin zinare a Sabon Gari aka cika.

A ranar ne ya dube ta ya ce, "Raliat, ko kin haihu ko ba ki haihu ba, ke nake so. Allah ne shaidata."

Ta riƙe maganar nan kamar yadda ake riƙe kuɗin mota a bakin zani.

Matsalar Inna ce. Ta rantse ta maya, in ya auri Bayarabiya, bazawara, wadda kowa ya san labarinta, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Hambali kuwa ba ɗan da zai tsallake maganar uwa ba ne. Aka yi roƙo, aka turo dattawa, Inna ta ƙi. Sai ga shi rana ɗaya ita da kanta ta ce masa ya je wajen Goni, dillalin shanu, tsohon abokin babansa, akwai wata farar karsana mai arha. Da aka kawo ta aka ɗaure a turke, Inna ta zagaye ta sau ɗaya, ta ce a gaban mutane:

"Ranar da karsanar nan ta haihu, ni da kaina zan kai goron Bayarabiyar."

Hambali har da sujada. Raliat ta kwana tana kukan murna. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa yadda aka yi dutse ya narke a wuni ɗaya.

'Yan unguwa suka sa wa karsanar suna Udoji. Raliat ita kuwa Ireti take ce mata, wato kyakkyawan fata a yarensu. Kiwon talaka aka yi mata, amma kiwo ne na gata. Raliat takan bi gidajen masu koko ta tara dusa, ta roƙi ɓawon wake a wajen masu ƙosai, ta tsinto ganyen kabeji a kasuwa. Hambali in an yi albashi ya sayo harawa da angurya da ɗan jar kanwa. In damina ta faɗi, sai a miƙa ta ga Dabo, wani Bafulatani mai ruga a wajen Jogana, ta bi garkensa ko ta ɗauki barbara.

Damina ɗaya ta wuce shiru. Dabo ya ce ƙuruciya ce. Ta biyu ma ga ta tana shirin wucewa.

*

Washegari da safe Raliat tana jera kwanuka a rumfar mahaifinta, Obiageli mai sayar da yadi a rumfar kusa ta leƙo. Tare suka yi wasan ƙasa kafin yaƙin basasa ya raba su, da aka gama kuma Obiageli ta dawo ta kama rumfarta.

"Amarya, ba ni goron albishir."

"Amaryar wa? Bar ni, Obi, yau ba na jin wasa."

"To shi ke nan, in ba kya so. Na ɗauka za ki so ki ji cewa na ga kishiyar Besfa ɗazu a Bata. Bafulatanin nan yana jan ta, sun nufi Fagge. Ta yi wata irin ƙiba, cikin nan kamar randa."

Kwanon da ke hannun Raliat ya suɓuce ya faɗi.

"Kin tabbata ita ce?"

"Wadda kika hana ni sakat da labarinta? Ko a cikin garke zan gane ta."

Dabo ba ya dawo da saniya gari ana tsakiyar ciyawa haka kawai. Dalili ɗaya Raliat ta iya tunani, an kawo ta gida ne ta haihu a gaban Inna. Ta ɗauki mayafi, ta janyo ƙullin dusa da kanwar da ta tara a ƙarƙashin tebur, ta ɗora a ka.

"In Baami ya zo ki ce masa ya jira ni. Yau zan ba shi amsar da zai faɗa wa mutanen Azeez."

Ba ta san lokacin da ta ratsa motoci ta tsallaka Fagge ba. A hanya har tana tsara yadda za ta durƙusa wa Inna, da irin atamfar da za ta saya mata.

Ta yi sallama a gidan su Hambali. Abin da ta fara dubawa turke ne. Ga sabon kashin saniya a ƙasa, amma babu saniya, babu igiya.

Inna tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba.

"Shigo, 'yar nan. Na san za ki zo."

Raliat ta durƙusa. "Inna, ina kwana. An ce an dawo da Ireti."

"An dawo da ita."

"Lafiya dai? Ko cikin ne ya tsufa?"

Sai a nan Inna ta ɗago. Babu fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi fushin ban tsoro.

"Wane ciki? Kitse ne. Dabo ya gaji da ciyar da ita, ya bi diddigi har rugar da aka haife ta. Tagwaye ce. Ita da ɗan maraƙi namiji aka haife su rana ɗaya. Duk wanda ya tashi a cikin shanu ya san macen da ta kwanta ciki ɗaya da namiji ba ta haihuwa. Ko bijiman duniya za a tara mata."

Raliat ta ji ƙullin da ke kanta ya yi nauyi. Ta sauke shi a hankali.

"Ashe Goni ya cuce mu."

"Goni bai cuci kowa ba. Abin da na ce ya nemo shi ya nemo."

Inna ta tsinci tsakuwa daga faifai ta jefar.

"Inna, kin sani?"

"Tun kafin a ɗaura mata igiya."

"Kika yi alkawari a gaban mutane."

"Na yi, kuma ban karya ba. Ta haihu yau, gobe in kai goro."

Hawaye suka zubo wa Raliat, ba ta ko share ba.

"Shekara biyu, Inna. Shekara biyu ina shigowa gidan nan da dusa a ka, kina karɓa, kina ce mini Allah ya yi albarka. Na kori masu sona. An yi wa ubana dariya a kasuwa. Me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba. Ita ma dabbar ba ta yi mini komai ba. Haka Allah ya yi ku." Inna ta ajiye faifan. "Ki dube ni da kyau, 'yar nan. Haihuwa tara na yi, ɗaya ya tsaya. Garken gidan nan ya mutu, mai garken ya bi shi. Wannan yaron shi kaɗai ne irin da ya rage. In na hana shi da faɗa, zai ƙara son ki. Shi ya sa na ce bari in bar shi ya yi kiwon juya da hannunsa, ya ciyar, ya shayar, ya jira, ya ji yadda abin yake. Abin da baki bai koya wa yaro ba, turke zai koya masa."

"Malam Hambali ba haka yake ba. Ya rantse mini."

"Ya rantse lokacin bai san ɗacin jira ba."

"Ina yake?"

"Tun da Dabo ya gama bayani yaron ya kwance ta ya fita. Ko karyawa bai yi ba. Je ki abbatuwa ki gani da idonki abin da ɗana yake yi da juya."

Raliat ta miƙe. Har ta kai zaure ta dawo ta ɗauki ƙullin dusarta, don ta rantse a ranta ko tsinke ba za ta ƙara bari a gidan nan ba.

*

Wari ne ya fara tarbarta, sannan ungulaye da suka yi layi a kan katanga. Mata ba su cika zuwa wajen ba, mahauta suka riƙa bin ta da kallo. Ita dai addu'a take yi Allah ya sa ƙarya Inna ta yi.

Can gefe, inda ake tsayar da dabbobi kafin a shiga da su, ta hango farar karsana. Ga Hambali cikin kakin ofis, igiya a hannunsa, yana magana da wani ƙaton mahauci mai wuƙa a ɗamara. Sun ba ta baya. Ta matsa ta tsaya a bayan wata amalanke.

"Taɓa nan ka ji," Hambali yake cewa. "Kitse ne zalla. Ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, duk abin da ta ci a jikinta ya tsaya."

Mahaucin ya daddanna gadon bayanta, ya jinjina kai.

"Gaskiya an yi kiwo. Wannan ai 'yar gida ce, dubi yadda take shinshinar mutum. Malam, ba ka jin tausayinta? Ka bar ta mana, ko don sabo."

Hambali ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Sabo? Sabo ake ci? Wa ka taɓa gani ya ajiye juya a gidansa? Ci kawai, ba riba, sai ɓata wa mutum shekaru. Ai juya ba ta da gida sai wajenku."

Magana zarar bunu ce. Raliat ta ji ta tun daga tsakar ka har tafin ƙafa. An sha faɗa mata kalmar nan, ta ji ta a bakin dangin Lasisi, ta ji ta ɗazu a bakin Inna, duk ta shanye. Ba ta taɓa zaton akwai bakin da zai faɗe ta ta ji kamar yau aka fara ba.

Da ta so, da ta juya ba wanda ya gan ta. Karsanar ce ta tona. Ta ɗaga hanci, ta jiyo ƙanshin dusa da na mai dusa, ta yi kuka ta fizgi igiya ta nufi amalanken.

Hambali ya waiwayo. Fuskarsa ta canza.

"Raliat. Me ya kawo ki nan?"

"Ciniki na zo gani."

Mahaucin ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ga ba wurin tsayawarsa ba ne, ya ja gefe.

"Ki saurare ni," Hambali ya ce da sauri, yana rage murya. "Dabo ya ce ba za ta taɓa haihuwa ba. Na yi tunani, na samo dabara. In sayar da ita, in ɗan cika, in sayi wata fara mai kama da ita wadda take da ciki. Dabo ya riƙe ta a ruga. In ta haihu a kawo wa Inna maraƙi, shi ke nan. Don mu nake yi, Raliat. Don ke."

"Inna ta san tagwaye ce tun kafin ka saya. Ita ta sa Goni ya nemo ta. Yanzu ta faɗa mini da bakinta."

Ya yi baya kamar wanda aka hankaɗa.

"Inna? A'a. Inna ba za ta..."

Bai ƙarasa ba. Ta ga yana haɗa abubuwa a ransa, arhar karsanar, da saurin saukowar Inna, da zagayen nan guda ɗaya da ta yi mata a turke. Idonsa ya kawo ruwa.

"Wallahi ban sani ba. Zan koma gida yanzu, zan tara dattawan da suka ji alkawarin. Wannan yaudara ce, dole ta janye."

"Bar Inna. Inna ba ta taɓa cewa tana so na ba. Abin da mai ƙin mutum yake yi shi ta yi. Kai nake tambaya."

"Ni me na yi?"

"Maimaita abin da ka faɗa wa mutumin nan."

Ya ce, "Haba Raliat. Saniya nake nufi. Maganar kasuwa ce."

"A kasuwa aka haife ni, Malam Hambali. Na san ƙaryar kasuwa. Mai sayarwa yabon kayansa yake yi. Ka yabi kitsenta, wannan ciniki ne. Sauran fa? Mutumin nan tausayi ya roƙa mata, bai nemi ragi ba. Abin da ka faɗa ba daga kasuwa ya fito ba, daga cikinka ya fito."

"Raina ne a ɓace. Shekara biyu ina zuba wahalata..."

"Shekara biyu." Ta gyaɗa kai, hawaye suna sauka a kan mayafinta. "Lasisi ya fi ka haƙuri, shi sai da ya yi shida. Kuma dabararku ɗaya. A fitar da wadda ba ta haihuwa, a kawo mai ciki. Shi ma cewa ya yi don zaman lafiyar gida yake yi."

"Kada ki haɗa ni da shi. Ke mutum ce, wannan dabba ce."

"Wannan dabbar da hannunka kake ba ta kanwa. Kai kake cire mata kaska. Da ta yi zawo bara, kai ka bar ofis ka tafi Jogana a ƙafa. Ka ce ita ce farkon garkenmu. Yau da safe aka ce maka ba ta haihuwa, ko karyawa ba ka tsaya yi ba. Ba ka ma zo ka gaya mini ba, alhali da 'yan kunnena a jikinta. Faɗa mini tsakaninka da Allah. In na shekara biyu a ɗakinka, Inna tana tsince shinkafa tana kallon cikina, abokanka suna suna ɗaya bayan ɗaya, wajen wane mahaucin za ka kai ni?"

"Na rantse miki, Raliat. Na ce ko kin haihu ko ba ki haihu ba."

"Ka rantse. Ni ma na yarda. Inna ce kaɗai ba ta yarda ba, kuma ita ta haife ka."

Yana kuka sosai yanzu, namiji guda cikin kaki, a gaban mahauta. Tausayinsa ya kama ta, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo, don har yanzu son sa take yi. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Ba mugu ba ne. Mutum ne mai son garke, kuma ba laifi ba ne mutum ya so garke.

"Ki ba ni dama ɗaya," ya ce. "Na fasa sayarwa. Zan mayar da ita turke, ta zauna har ta mutu. Kin ji na fasa."

"Don na ji ka fasa. Da ina rumfa ina jera kwanuka, da yanzu ana feɗe ta."



Ta miƙa hannu. "Ba ni igiyar."

"Raliat..."

"Rabinta nawa ne. Rabin da yake naka kuma ka bar mini shi ladan jira."

Ya daɗe yana kallon igiyar, tsohuwar igiyar babansa. Sannan ya saki.

Ta ɗora ƙullin dusa a ka, ta ja Ireti suka fita. Ya biyo ta yana kiran sunanta har bakin titi. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta iya tafiya ba.

*

Haka ta ratsa Fagge da rana tsaka, mace da mayafi tana jan saniya. Masu Besfa suna yi mata oda, masu shaguna suna leƙowa. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Udoji ta dawo, ina maraƙin?" Aka yi dariya. Ba ta ji zafin dariyar ba, wurin da zai ji zafin ya riga ya mutu.

Alhaji Raji ya gaji da jira a kasuwa ya dawo gida, yana zaune a dakalin ƙofa. Da ya ga 'yarsa da saniya, ya ga idanunta sun kumbura, sai ya gane rabin labarin. Ya miƙe.

Ta durƙusa a nan kan titi, igiya a hannu.

"Baami, na zo da amsa. Ka faɗa wa mutanen Alhaji Azeez na yarda."

Tsohon ya ɗaga hannu sama, ya yi hamdala da Larabci ya ƙara da Yarabanci. Sannan ya dubi karsanar, ya shafa bayanta, fuskarsa ta washe.

"Allah mai iko. Ga ta kuwa ta yi kitse. Ashe ta yankan biki muka yi ta kiwo ba mu sani ba. Wannan ai ta ishi Fagge da Sabon Gari."

Raliat ta ƙara naɗe igiyar a hannunta.

"Ba za a yanka ta ba, Baami. Sharaɗina ke nan, shi kaɗai. Ba na son akwati, ba na son zinare. Ya kafa mata turke a gidansa, inda zan riƙa ganin ta daga ɗakina. Ta ci, ta sha, har ranar da Allah zai karɓi abarsa."

"To ai sai ta haifa masa garke, shi da yake son harka."

"Ba ta haihuwa. Juya ce."

Wannan ne karo na farko da kalmar ta fito daga bakinta. Alhaji Raji ya janye hannunsa daga bayan saniyar.

"Raliat, mutumin nan ɗan kasuwa ne. Saniyar da ba ta haihuwa, ba ta nono, kuma ba za a yanka ba? In ya tambaye ni me za a yi da ita, in ce masa me?"

Ta kwance ƙullin dusar da ta wuni tana yawo da shi, ta ajiye a gaban Ireti. Sai da ta ga ta sa baki sannan ta ɗago ta dubi mahaifinta.

"Ka ce masa ajiye ta kawai za a yi, Baami. Ina so in ga ko akwai gidan da ake yin haka a garin nan."